Ƙara wa Motar Ɗaukar Amfanin Gona Na'urar Sanyaya Man Giya

A 'yan shekarun nan ƙungiyoyi da dama a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa sun haɗa kuɗi sun sayi motar kansu don su huta da kuɗin haya. Wasu Hilux, wasu Tacoma ko Tundra ta hannu da aka shigo da ita daga Amurka ta Kwatano ko Legas. Mafi yawan waɗannan na hannu atomatik ne, wato masu canza giya da kansu. Irin wannan giyabos kuwa, abin da ya fi kashe shi zafi ne. Wannan bayani na duk mai irin wannan mota ne da ke loda mata buhuna ko yake ɗaura mata tirela, injin casa ko tankin ruwa a baya.

Na taɓa aiki da wata ƙungiya da motarta ta ƙi gaba ta ƙi baya da buhu 21 na masara a kanta, ana dab da magariba, tsakanin ƙauyensu da bakin kwalta. Inji na aiki lafiya lau, a sa giya a taka totur, mota ko gezau. Duk wanda ya san yankinmu ya san waɗannan ba hanyoyin da mutum zai so dare ya riske shi ba ne. Allah ya tsare, aka samu tarakta ta jawo su. Amma kuɗin sabon giyabos ya cinye ribar kakar nan gaba ɗaya, har wasu membobi suka ce a sayar da motar a raba.

Daga ina zafin yake zuwa

A motar atomatik babu kulochin da direba ke takawa. Tsakanin inji da giya akwai wani abu mai kama da ƙwarya biyu da aka kifa, kanikawa na ce masa kombata. Cike yake da man giya. Inji na juya fanka ɗaya a ciki, ita ta watsa mai, man ya juya ɗaya fankar, ita kuma ta juya giya. Idan mota na gudu a kan kwalta ba nauyi, akwai wani kulochi a cikin kombatar da ke manne ɓangarorin biyu su zama abu ɗaya, zafi ya ragu ƙwarai. Amma a tafiyar rarrafe da lodi, a hawa, a yashi ko taɓo, ba ya mannewa. Inji na ta juyi da ƙarfi, taya na juyi a hankali, duk ƙarfin da ya ɓace a tsakani sai ya koma zafi a cikin mai.

To ku dubi aikin da muke ba motocinmu. Daga gona zuwa bakin titi hanyar burji ce ko ta shanu, ga kwazazzabai, ga ƙoramu masu yashi, ga hawa da sauka a gefen duwatsun Faskari. Kafin mota ta hau titin Funtuwa zuwa Gusau ko na Sheme zuwa Ƙanƙara, ta yi awa guda tana rarrafe. Nan ne giya ke dahuwa, alhali direba na ganin ai ma a hankali yake tafiya, yana tausaya wa mota.

Man giya ya fi son zafi tsakanin digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin salshiyas. Ya kai 110, yana aiki amma yana saurin tsufa. Daga 120 zuwa sama ya fara ƙonewa, robobin da ke tare mai a ciki su sandare, faifan da ake kira faiba su fara zamewa. Masu sana'ar na da wani lissafi na kusan-kusan, cewa duk ƙarin digiri 10 a kan zafin da ya dace na rage rabin kwanan man. Ba lissafi ne na daidai wa daida ba, amma ya isa ya nuna muku inda aka dosa.

Abin da kamfani ya sa, da dalilin da ba ya isa

Kusan kowace motar atomatik na da wurin sanyaya man giya, sai dai a ɓoye yake a cikin lagireto. Ku leƙa ƙasan lagireto ko gefensa, za ku ga siraran bututu biyu sun shiga. Waɗannan na man giya ne. Man na shiga wani ɗan bututu da ke nutse cikin ruwan lagireto, ruwan ya ɗebe masa zafi, ya koma giya.

Matsalar ita ce ruwan kansa ba sanyi gare shi ba. A watan Afrilu da Mayu, lokacin jigilar taki da iri, zafin gari na kai digiri 40 ko fiye, inji na fama da lodi, ruwan lagireto na dab da tafasa. Ruwan da ke neman wanda zai sanyaya shi ba zai iya sanyaya wani ba. Da kaka kuma, daga Oktoba zuwa Janairu, gari ya yi sauƙi amma ƙurar hunturu da ƙaiƙayin casa da zaren auduga sun toshe fuskar lagireto, iska ba ta ratsawa. Kun ga kenan lokutan nan biyu da muka fi buƙatar mota, su ne lokutan da sanyayawar kamfani ke gazawa.

Maganin shi ne ƙarin wata 'yar na'ura mai kama da ƙaramin lagireto, wadda iska ke sanyayawa, a kafa ta a gaba. A kasuwar kayan mota oyil kula ake ce mata. Wasu motocin Amurka da aka ƙera musamman don jan tirela sun zo da ita tun daga kamfani, saboda haka kafin ku kashe ko sisi, a buɗe bonet a leƙa bayan ragar gaba a gani. Idan akwai, wataƙila wanki kawai take buƙata.

Kafin a sayi komai, a gyara lagireto

Wannan shi ne wurin da nake yawan saɓawa da kanikawanmu, duk da ina girmama su. Kula ba ta maye gurbin lagireto mai lafiya. Idan lagireto ya toshe ko fanka ta yi rauni, ƙara kula a gabansa ƙara masa nauyi ne, don ita ma iskar da zai sha take tarewa.

A fara da wanke fuskarsa da ruwa mara ƙarfi ko iskar famfo, daga ciki zuwa waje. A duba fanka da bel da murfin lagireto. Sannan maganar ruwa. Da yawanmu ruwan rijiya ko na rafi muke ɗurawa. Wannan ruwa na barin tsatsa da dattin gishiri, kuma bututun man giya da ke ciki shi ma yana cin wannan tsatsa. Ran da ya huje, ruwa da man giya sai su cakuɗe. Za ku gane haka idan kun zaro gejin mai kuka ga ya koma kamar madarar da aka zuba wa zoɓo. Idan kuka ga haka, kada a sake tada motar, a jawo ta, domin ruwa na ɓanɓare faiba daga jikin ƙarfensu. Motocin Nissan Frontier, Pathfinder da Xterra na 2005 zuwa 2010 sun yi ƙaurin suna da wannan cuta a Amurka, kuma irinsu na shigowa nan. Ko wace mota ce dai, ku riƙa amfani da ruwan kulan na gwangwani ko jarka, mai launin kore ko ja, wanda ke hana tsatsa.

Akwai kuma al'adar cire tamostat da zarar mota ta shigo ƙasar, wai don an yi ta ne domin ƙasar sanyi. Ni ban goyi bayan haka ba. Idan mota na zafi, akwai abin da ya lalace, shi za a nema.

Wace iri za a saya

Iri uku za ku tarar. Akwai mai bututu ɗaya da ya yi ta lanƙwasa kamar maciji a cikin siraran faifai. Ita ce mafi araha kuma mafi raunin aiki. Akwai mai layuka shimfiɗaɗɗu kamar ƙaramin lagireto, ta fi ta farko. Sai mai faifai da aka jera kan juna, mai kauri da nauyi a hannu. Wannan ta ƙarshe ta fi ɗebe zafi idan girmansu ɗaya, ta kuma fi jure dukan tsakuwa. Don irin hanyoyinmu ita nake ba da shawara, in aljihun ƙungiya zai ɗauka. In ba haka ba a ɗauki ta biyun.

A kwalin sababbi ana rubuta nauyin motar da kular za ta iya yi wa aiki. Ku haɗa nauyin mota da na kaya da na tirela, ku ɗauki wadda ta ɗara wannan. A ƙasarmu ba kasafai kula ke yin girma da yawa ba, iyaka dai kada ta rufe fuskar lagireto duka.

Ana samunsu a Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, dillalan kayan mota na Funtuwa ma na iya kawo muku. Farashi na canzawa kullum, amma ko yaya ya kai, ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin giyabos. Ku yi hattara da ta hannu, wadda ake cewa beljiyam. Ba ku san daga wace mota aka ciro ta ba. Idan giyar waccan motar ta mutu ne, garin ƙarfe da na faiba na nan maƙale a ciki, kuma duk zai ƙare a cikin giyarku. Sabuwa ta fi. Haka nan kada wani ya lallashe ku ya sa muku tsohuwar kondensar AC a madadinta, ƙofofinta sun yi ƙanƙanta, za su shaƙe man.

Yadda ake haɗawa

Aikin bakanike ne, amma wani daga cikin ƙungiya ya tsaya a kai. Ga abin da zai sa wa ido.

Tsarin da ya dace shi ne mai ya fito daga giya, ya bi ta lagireto kamar kullum, daga nan ya shiga sabuwar kula, sannan ya koma giya. Wato a kan bututun komawa ake yanka. Idan aka juya tsarin, man da kula ta sanyaya zai sake shiga ruwa mai zafi kafin ya koma, an yi aikin baban giwa. Kada a yi canke wajen gane bututun komawa. A cire ɗaya daga jikin lagireto, a sa ɗan tiyo a bakin lagireton zuwa cikin bokiti, a tada mota na daƙiƙa biyu ko uku a kashe. Idan mai ya fito daga ɓangaren lagireto, wanda aka cire ɗin shi ne na komawa.

Wasu kanikawa kan ce a raba giya da lagireto kwata-kwata, a bar kula kaɗai, don gudun cakuɗuwar ruwa da mai. Hujjarsu na da ƙarfi idan lagireton tsoho ne. Amma ku tuna kula da iska take aiki, kuma a tafiyar rarrafe iska kaɗan ce. A wannan lokaci ruwa ya fi ɗebe zafi. Don haka ni na fi son a bar su biyun, a canza lagireto in ana shakkarsa. Wanda ya dage sai ya raba, to ya sa babbar kula mai fankar lantarki ta kanta.

A kafa ta a gaban kondensa, inda fankar inji za ta riƙa jawo iska ta cikinta. Sababbi kan zo da wasu siraran robobi da ake sokawa ta cikin lagireto a ɗaure. A kwaltar Turai wannan na iya yi, amma a gargadar hanyar Sabuwa zuwa ƙauyuka, girgiza za ta sa robar ta ci jikin lagireto har ya fara yoyo. A kira mai walda ya yi mata ƙafafun ƙarfe a ɗaure da noti a jikin mota. Bakunanta su kalli sama ko gefe, kada su kalli ƙasa, don kada iska ta maƙale a ciki. Idan gefe suka kalla, mai ya shiga ta na ƙasa ya fita ta na sama.

Tiyo ya zama na man giya, wanda aka yi don zafi da matsi. Tiyon fetur ko na ruwa zai yi laushi ya fashe. Girmansa ya yi daidai da bututun mota, galibi milimita 8 ko 10. Kilif bibbiyu a kowane baki. Kada ya lanƙwashe, kada ya goga a kaifin ƙarfe, kuma ya yi nesa da bel da salansa. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Idan tiyo ya sulluɓe a hanya, famfon giya zai zubar da man cikin 'yan mintuna, kuma man giya da ya zuba kan salansa mai zafi na kamawa da wuta. Ku tuna me ke bayan motar, buhunan auduga ko harawa.

Bayan an gama, kula da tiyo sun shanye wani abu daga cikin man, dole a ƙara. A tada mota, a zagaya da hannun giya kowane matsayi, a duba geji, a yi 'yar tafiya, a sake dubawa, a leƙa yoyo. Bayan mako guda a sake ɗaure kilif. Idan motar na shiga gona, a sa ragar waya mai manyan ido a gaba saboda kara da kututture.

Man da za a zuba

Ba duk jan mai ba ne ɗaya. Tsofaffin Toyota da yawa na shan Dexron ko T-IV, na baya-bayan nan WS. Galibi a rubuce yake a kan gejin ko a littafin mota. Kada a gauraya, kuma kada a saya a kwalbar ruwa a bakin titi, jabu ya yi yawa.

A yawancin waɗannan motoci ana duba man ne inji na aiki, mota ta ɗumama, tana kan shimfiɗaɗɗen wuri, giya a P. A ɗiga a farar takarda. Ja mai haske lafiya. Ruwan ƙasa, lokacin canji ya yi. Baƙi mai ƙaurin ƙonannen tuwo, an riga an yi ɓarna, kuma idan giya ta fara zamewa, sabon mai da sabuwar kula ba za su dawo da faibar da ta cinye ba. Wasu sababbin motoci ba su da geji sam, sai wurin wanda ya san yadda ake auna su ta ƙasa.

Ga motar da ke irin wannan aiki, ni shawarata a duba mai a farkon kaka da farkon jigilar taki, a canza shi duk shekara biyu ko kilomita 40,000, wanda ya riga zuwa. Ku sani cewa kwance notin ƙasa ba ya fitar da man duka, rabi ko fiye na nan a kombata. Kuma duk ran da aka canza giyabos, a wanke kula da bututu sosai ko a canza su.

Ma'aunin zafi da hannun direba

Allurar zafi da ke dasbod ta ruwan inji ce, ba ta giya ba. Wasu Toyota na da fitila mai rubutun A/T OIL TEMP, amma ba ta kamawa sai zafi ya yi nisa. Ana iya sa ma'auni na musamman, ko a sayi 'yar na'urar OBD da ake sokawa ƙarƙashin sitiyari ta haɗu da waya, a motocin da kwamfutarsu ke ba da wannan bayani. Direba ya ga 110, ya sassauta. Ya ga 120, ya nemi wuri amintacce ya tsaya, ya sa P, ya bar inji a silo har zafin ya sauka. Kada ya kashe, don inji na mutuwa man ya daina zagayawa.

Da lodi, a kashe babbar giyar ƙarshe. A tsofaffi maɓallin O/D OFF ne, a wasu na Amurka TOW/HAUL. Idan kun ji mota na hawa giya tana sauka, tana hawa tana sauka, a sauko da hannu zuwa 3 ko 2 a bar ta nan. A yashi da taɓo da hawa mai tsauri, mai 4L ya sa tun kafin ya shiga. In ta kafe, wasan gaba da ribas ana taka totur na iya dafa mai cikin minti kaɗan. A sauke rabin kaya, a haƙa, a sa kara ko reshe.

Kula ba ta ƙara wa mota ƙarfin ɗauka

Hilux da ire-irenta kusan tan ɗaya aka yi su ɗauka, har da mutanen ciki. Cire direba da yara biyu, abin da ya rage buhu 8 ne na masara mai kilo 100, ko 16 na taki mai kilo 50. Na san za ku yi dariya, don kowa ya ga ana ɗora 20 zuwa kasuwar Ɗandume ko Sheme. Amma burki, taya, sifirin da aksul ba su san an sa kula ba. Tirelar da ba ta da burkin kanta kuwa, iyakar da kamfanoni suka saba sa wa irin waɗannan motoci kilo 750 ce, har da nauyin tirelar. Ƙungiyar da kayanta ya wuce haka kullum, Canter ko Dyna take buƙata.

A nan akwai abin da ya shafi shugabanni. Idan direba na samun kasonsa ne bisa yawan buhu, ku da kanku kuka ce masa ya yi obalodi. A biya shi bisa sawu ko wata, a rubuta iyakar buhu a littafin ƙungiya, a kuma rubuta ranar duba mai da kilomita da sunan wanda ya duba.

Masu giyar hannu da tarakta

Canter, Dyna da Hilux mai giyar hannu ba su da kombata, saboda haka galibi ba sa buƙatar wannan na'ura. Nasu ciwon kulochi ne da ƙarancin mai. A kwance notin gefen giyabos, mai ya kasance daidai bakin ramin, a duba na aksul ɗin baya shi ma, musamman bayan an ratsa ƙorama da damina. Direba ya ɗauke ƙafa daga kulochi da zarar mota ta tashi, kuma kada ya riƙe ta da shi a kan hawa.

A taraktoci irin Massey Ferguson 375, mai ɗaya ne ke yi wa giya da haidirolik aiki. Idan ana jan tirela da ita zuwa kasuwa, a duba wannan mai kowace safiya kafin a tada, a share ragar gaba daga ƙaiƙayi, a kuma haɗa fedar burki biyun da sakatarsu kafin a hau titi.